Ƙyallen da Kerttu Ta Ɗinka

A duk direbobin da ke jan katako daga dazuzzukan Kainuu, babu wanda ya taɓa ganin motar Tauno Moilanen a bakin gareji, babu kuma wanda ya taɓa ganin an ɗaura mata sarƙa ana ja. Ba wai ba ta lalacewa ba ne. Tsohuwar gingimari ce, tana tari da safe kamar mai ita. Amma duk inda ta durƙusa, nan Tauno zai sauko, ya zagaya ta hannu a aljihu, ya hura wuta, ya ɗora butar kofi, sannan ya shige ƙarƙashinta. In ka tsaya ka tambaye shi yaushe zai tashi, sai ya ce, "In na gama." Mutumin nan ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar.

Ɗan wani ƙauye ne a gefen Suomussalmi, can ƙasar ƙanƙara kusa da iyakar Rasha. Ubansa da doki yake jan gumagumai, kuma daga wurinsa ya gaji rashin magana da manyan hannuwa. Da ya dawo daga aikin soja sai ya sami tsohuwar mota, ya shiga daji da ita, ba ya fitowa sai ranar Lahadi. A wancan zamanin gareji mafi kusa tafiyar rabin yini ce, kuma babu bakaniken da zai baro ɗumin shagonsa ya zo ya kwanta a kan ƙanƙara don motarka. Saboda haka kowane direba shi ne bakaniken kansa. Sai dai wasu suna gyara ne don dole, suna yi suna zagin mota da wanda ya ƙera ta. Tauno kuwa a ƙarƙashin mota ne kaɗai ake ganin fuskarsa ta saki. Ya canja sifirin a bakin hanya, ya canja farfela, ya taɓa buɗe inji gaba ɗaya a gindin wata bishiya ya sa sabon fistin, yana kwana a cikin motar har ya gama. A bayan gidansa akwai gawar wata mota irin tasa, wadda yake yanka kaɗan-kaɗan yana tara kayanta a akwati a ƙarƙashin kujera.

Matarsa Kerttu ita ce bakinsa. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ta yi aikin girki a makarantar ƙauye har ƙafafunta suka gaji, kuma in ta fara magana ko tukunya sai ta saurara. Mutane sun yi mamakin auren, suka ce ta auri kututture. Ita kuwa cewa take, "Gara kututture, in na ajiye shi na san inda yake." Ba su sami haihuwa ba. Ba su kuma taɓa zama sun yi maganar ba, ko sau ɗaya.

A shekarar farko ta aurensu, wata 'yar ƙaramar washa, irin zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, ta suɓuce daga hannun Tauno ta faɗa cikin dusar ƙanƙara. Ya wuni a durƙushe yana tonawa da yatsu har suka daina ji, bai same ta ba. Da ya dawo gida ya faɗa mata, a cikin kalmomi kamar huɗu, sai Kerttu ta ɗauko almakashi. Ta farke buhunan fulawa, ta dafa su har suka yi fari tas, ta haɗa su ta ɗinka masa ƙyalle mai faɗin tebur. Ta naɗe bakinsa da igiya a ciki, ya yi tudu, don kada ƙwayar boris ta gangara ta fita. Tun daga ranar, Tauno bai sake kwance ko noti ɗaya ba sai ya shimfiɗa ƙyallen nan tukuna. Duk abin da ya ciro sai ya goge shi, ya ajiye daga hagu zuwa dama, layi bayan layi. In ya tashi mayarwa sai ya fara daga na ƙarshe ya biyo baya.

Duk Lahadi kuma Kerttu za ta dafa ƙyallen a tukunyar ɗakin wankan surace tana mita.

"Maigida, wai shimfiɗa shi kake yi ko birgima kake a kai?"

"Ya yi aiki."

"Ni ma aikin nake yi, ka gan ni baƙi ƙirin haka? Wata rana sai na ɗinka maka baƙi, mu huta."

Ba ta ɗinka baƙin ba. In ya tsufa sai ta yi masa faci, facin ma ya tsufa ta yi wa facin faci.

Direbobin daji suna da wata ƙa'ida da kowa ya sani. In mutum ya kwance wani abu a motarsa ya jera, ba mai sa masa hannu a jeren. Ka tsaya masa, wannan dole ne, ba a wuce motar da ta tsaya. Ka miƙa masa sifana, ka ɗaga masa ƙarfe mai nauyi, ka sha masa kofi, ka cika masa kunne da ƙarya in kana so. Amma wanda ya kwance shi zai mayar, kuma ba ya tashi ya bar jere a buɗe. Akwai dalili. A cikin giyabos akwai washoshi sirara kamar takarda, duk kamarsu ɗaya a ido, kowace da mazauninta, in aka musanya biyu to mota za ta yi tafiya kaɗan ta ci kanta. Sauran direbobi suna bin ƙa'idar nan gwargwado, kamar yadda suke zuwa coci. Tauno kuwa ya riƙe ta da haƙora.

Saboda haka rayuwar Kerttu ta zama jira. Ta jira shi da miyar kifi a murhu har ta ƙafe. Ta jira shi ranar bikin ƙanwarta, ta jira shi a daren Kirsimeti ba sau ɗaya ba. Ba ta taɓa tambayarsa ina ya tsaya ba, sai dai ta miƙa hannu ta ce, "Kawo ƙyallen." Ta duba yawan man da ke jiki, ta gane girman gyaran. Shi kuma da ya kwano kwanar gidansu zai ga hayaƙi a bututu da inuwarta a taga, bai taɓa isowa ya tarar babu ba. Mutum in ya saba da abu shekara da shekaru sai ya ɗauka haka aka halicci duniya.

A hunturun da Tauno ya cika shekara sittin, numfashin Kerttu ya fara yi mata gardama. Aka kwantar da ita a asibiti a Kajaani. Tauno yakan je ranar Lahadi, ya zauna a bakin gado da hula a gwiwa, ya ba ta labarin hanya. Likita ya kira shi gefe ya yi masa dogon bayani a kan zuciyarta. Tauno ya saurara da kyau, kamar yadda yake sauraron inji, ya ce, "To." Abin bai shiga ba. A tunaninsa, abin da ke hannun masu gyara ai gyaruwa yake yi.

Lahadin ƙarshe rana ta fara ƙarfi, ruwa na ɗiga daga rufin asibitin. Kerttu ta ji ɗigar ta juyo.

"Hanyar fadama ta kusa narkewa ko?"

"Saura kaɗan."

"To me kake yi a nan kana kallona kamar baƙon saniya? Tashi ka je ka kwashe katakon mutane. Kana warin man gas, duk ka sa matan ɗakin nan suna tari."

"In zauna ne wannan satin?"

"Ka zauna ka yi me, ka kwance ni ka jera? Je ka, Maigida. Ina zan je? Inda ka bar ni nan kake tarar da ni."

Hanyar da take nufi ta hunturu ce, wadda ake danne ƙanƙara a bisa fadama manyan motoci su bi. Faɗinta na mota ɗaya ne. Da zarar narkewa ta kankama sai ta koma taɓo, abin da ya rage a kanta kuma sai Allah.

Ranar Alhamis da sassafe Tauno ya yi lodi ya kamo hanyar fita. A tsakiyar fadamar ya ji wata ƙara daga ƙasan kujera, kamar ana niƙa tsakuwa, sannan giya ta ƙi shiga ko'ina. Bai ko yi tsaki ba. Ya sauko, ya hura wuta, ya cire batir, ya kifa kan motar gaba. Ya sari sanduna uku masu ƙwari ya haɗa kawunansu, ya rataya sarƙa, ya zaro giyabos ɗin a hankali ya ɗora a kan gungume biyu. Ya shimfiɗa ƙyalle. Kafin hantsi ya buɗe cikinta duka, ya tarar da boris ɗaya ya farfashe, kuma yana da irinsa a akwati. Jere ya cika ƙyallen daga baki zuwa baki, ƙarafa na ƙyalli a rana.

A nan motar Aulis ta ɓullo daga gaba, babu kaya, tana gudun da bai dace da hanyar ba. Aulis abokin aikinsa ne tun suna samari, ƙato mai jan gemu, wanda bai taɓa sauka daga mota ba tare da zagi a bakinsa ba. Ranar nan ya sauko shiru. Daga nan Tauno ya gane.

"Tsoho, me ya sami oba-obarka? Tun safe ofis ke kiranka."

"Na cire batir."

"Asibiti suka bugo waya. Jikin Kerttu ne. Sun ce ka zo."

"Yau?"

"Yanzu suka ce, ba yau ba."

Tauno ya dubi ƙyallen. Yana riƙe da wata washa a hannu, ya ci gaba da goge ta da tsumma.

Aulis ya miƙo masa makulli. "Ungo. Akwai wurin juyawa a bayan dutsen can. Ɗauki tawa ka tafi, kafin rana ta raba kana can. Ni zan zauna da wannan akwalar taka."

"Na riga na jera."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni. Zan haɗa maka."

"Ba ka san jeren ba."

"To ba zan taɓa ba! Zan rufe da tamfol in zauna ina gadi kamar kare har ka dawo."

"Rana za ta yi ƙarfi. Ga kaya a kai. Hanya ba za ta ɗauka ba."

"Ta nutse mana! Ta nutse ta ɓullo a Rasha! Tauno, matarka ce fa, ba farfela ba."

"Na ji ka." Ya ajiye washar a mazauninta. "Boris ɗaya ne. Saura mayarwa kawai." Sannan ya ƙara, kamar mai faɗin ranar mako, "Za ta jira."

Daga baya mutane sun yi ta magana a kan wannan, wasu suka ce motar ya fi so, wasu suka ce taurin kai ne irin na gidansu. Duk ba su san shi ba. Abin da ya faru shi ne, da maganar Aulis ta shiga kunnensa sai wani abu a cikinsa ya mutu murus, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Bai ji tsoro ba, bai ji gaggawa ba, bai ji komai ba. Hannuwansa kaɗai suka rage da rai, su kuwa abu ɗaya suka sani a duniya, in an jera sai an mayar.

Aulis ya zage shi tas, ya zagi motar, ya zagi ubangidan da ya ba da kwangilar, ya harbi taya har ƙafarsa ta yi zafi. Sannan ya cire safar hannu ya durƙusa kusa da shi, don ya ga in ba a gama ba tsohon ba zai motsa ba.

"Me zan miƙo?"

"Guduma ƙarama."

Suka yi aiki. Tauno ya ɗumama sabon boris a gefen wuta, ya zura shi, ya fara daga hannun dama ya biyo baya. Kowane ƙarfe sai ya goge shi, ya shafa masa mai, ya juya shi ya ji ya zauna. Bai yi sauri ba, bai kuma yi nawa ba, daidai yadda ya saba. Ruwa ya fara tsattsafowa a ƙarƙashin gwiwoyinsu. Can da haƙuri ya ƙare wa Aulis, sai ya kai hannu kan ƙyallen zai ɗauko washa ta gaba ya miƙa masa. Tauno ya ɗago ya dube shi kawai. Aulis ya janye hannun, ya cusa shi a hammata, don shi ma direban daji ne, kuma ya ji kunya, abin da ya daɗe yana ba shi haushi daga baya.

Rana ta raba, ta karkata. Suka ɗaga giyabos da sarƙa suka mayar, suka ɗaure farfela, suka zuba mai, suka saukar da kan motar. Tauno ya kakkaɓe ƙyallen ya ninka shi yadda ya saba ninkawa. Da ya tayar da inji ya ja giya, ta shiga sumul, ko sabuwa albarka. Aulis ya ja tasa da baya har bayan dutsen ya ba shi hanya. Taɓo na fallatsa a gilashi, amma hanyar ta ɗauke su.

Bai biya ta wajen sauke kaya ba. Da gumaguman a baya ya shiga gari, ya tsaya a can ƙarshen filin asibiti inda ba zai tare wa kowa ba. Da ya shiga sai ya fara neman famfo, ya tsaya yana dirje hannuwansa da sabulu har gwiwar hannu, don Kerttu ba ta yarda a taɓa mata zanen gado da baƙin mai. Ya bi dogon barandar, takalmansa na barin sawu.

Wata nas mai furfura ta tare shi a ƙofar ɗakin.

"Kai ne mijin Kerttu? Baba, zo ka zauna tukuna."

"Na gaji da zama."

"Ta cika, Baba. Bayan rana ta raba da kaɗan. Ba ta sha wahala ba."

Kansa ya yi lissafin da kansa, ba tare da ya sa shi ba. Da ya karɓi makullin Aulis, da ya same ta, har da sauran lokacin da za ta yi masa faɗan warin man gas. Ya ga wannan sarai, kamar yadda yake ganin boris da ya fashe, ya kuma jira ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji. Babu abin da ya taso.

Nas ɗin ta ce, "Mun so mu sake buga wa ofishinku, ita ta hana. Ta ce, 'Ku bar shi. In ya makara to ya shimfiɗa ƙyalle ne, ba kuwa zai tashi ba sai ya haɗa.' Har dariya ta yi. Ta ce in faɗa maka ka jiƙa shi a ruwan zafi yau ɗin nan, kafin man ya kama. Ban san me take nufi ba, amma ta sa na maimaita."

"To," in ji Tauno.

Suka bar shi ya shiga. Ta yi ƙanƙanta a gadon, an taje mata gashi ta gefen da ba ta saba ba. Bai taɓa ganin bakinta a rufe haka da rana ba. Ya tsaya da hula a hannu, ya taɓa bayan hannunta da yatsa ɗaya, ya ji sanyin da ya sani, irin na injin da aka kashe tun ɗazu. Ya so ya gaya mata boris ne, boris ɗaya kawai, amma ya ga babu wanda zai ce masa ya kawo ƙyallen. Da ya fito, nas ɗin ta miƙa masa jakar takarda da kayanta a ciki.

Ya koma mota ya hau ya rufe ƙofa. Ya daɗe zaune da jakar a cinya, yana kallon ruwa na gangara daga rufin asibitin. Sannan hannuwansa suka ɗauko ƙyallen, suka shimfiɗa shi a kujerar gefe, suka juya shi har suka sami ɓangaren da mai bai taɓa sosai ba, wajen facin da ta yi masa bara.

Ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ajiye a hagu. Ya ciro mataji. Ya ciro agogon hannu, yana nan yana tafiya abinsa. Ya ciro tsinken saƙa da safar hannu guda da ba a gama ba, girman hannunsa. Ya ciro 'yan fil na kama gashi, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kawunansu na duban gefe ɗaya. A can ƙasan jakar ya laluba ya sami zoben aurenta, ya goge, ya ajiye a ƙarshen layi. Ya girgiza jakar ya tabbatar babu abin da ya saura.

Aulis ya iso, ya bar motarsa a bakin titi ya tako da gudu. Ya taka matakalar motar Tauno ya leƙa ta gilashi, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Da ya ga an jera sai ya saki mariƙin, ya sauka, ya tsaya a gefen taya da hula a hannu.

A ciki, Tauno ya dubi jeren daga hagu zuwa dama, ya ga komai na mazauninsa. Ya kai hannu ya ɗauki zoben, don da na ƙarshe ake farawa. Ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu, ya juya yana neman inda zai mayar da shi.